Babi na Biyar: Farar Hular da ke Cikin Bariki

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake harhaɗa kuɗin fansa ya ji wannan tambaya, wataƙila ma shi ya yi ta: mutumin nan da ke kira daga daji ai da waya yake kira, layin kuma an ce an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, to me ya hana a bi sawunsa a kamo shi?

A Kaduna tambayar ta fi ciwo. Mutumin Abakpa, unguwar da yawancinmu ke kira Abakwa, maƙwabcin tsohuwar harabar makarantar horon hafsoshi ne, wato NDA da ke Barikin Ribadu. In ya yi arewa kaɗan zai tarar da hedikwatar Runduna ta Ɗaya a Kawo, ga sansanin sojan sama ta wajen Mando. Asibitin soja na 44 yana cikin gari, Jaji na kan hanyar Zariya, masana'antar makamai tana Kakuri. Duk da haka, a watan Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka. Ranar 24 ga Agusta na shekarar kuma 'yan bindiga suka shiga sabuwar harabar NDA, a Afakan dai, suka kashe hafsoshi biyu, suka tafi da ɗaya.

Amsar tambayar tana da rassa da yawa. Akwai talauci, akwai cin hanci, akwai faɗin daji da ƙarancin jami'ai. Wannan babi reshe ɗaya zai bi, wanda ba a cika zancensa a majalisar masu shayi ba: kamfanonin fasaha masu zaman kansu da gwamnati ke ɗauka su ba ta shawara, su kafa mata na'urorin tsaro, wani lokaci ma su riƙe mata su.

Su wane ne su?

Bariki bai taɓa rayuwa da soja kaɗai ba. Tela mai ɗinkin kaki, mahauci mai kawo nama, bakanike, mai wanki, duk farar hula ne da ke cin abinci a gindin bariki, kuma unguwanni irin su Abakwa da Unguwar Kanawa da Kurmin Mashi sun san wannan hulɗa tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya shi ne nauyin aikin da ake ba farar hular. Ɗan kwangilar yau yana shigowa da kwamfuta a jaka, kuma hannunsa yana kaiwa inda hannun kofur da saje ba ya kaiwa: rumbun bayanai, layukan sadarwa, manhajar da ke sarrafa jirgi maras matuƙi.

Aikinsu hawa uku ne. Da fari su yi nazari su ce wa gwamnati ga abin da kike buƙata. Sai su haɗa kayan, domin kyamara daga Sin take, manhaja daga Isra'ila, rediyo daga Amurka, kuma sai an sa su sun fahimci juna. Na uku shi ne riƙewa: gyara, sabunta manhaja, biyan lasisi duk shekara, horar da ma'aikata. Ranar ƙaddamarwa, da jan kafet da almakashi, hawa na biyu ake nuna wa jama'a. Kuɗi mai ɗorewa da iko na gaske suna hawa na uku.

A Amurka sana'ar ta yi girman da ba ta misaltuwa. Kamfanin Booz Allen Hamilton, wanda aka kafa tun 1914, kusan duk kuɗin shigarsa daga gwamnatin Amurka yake zuwa, yawanci daga soja da hukumomin leƙen asiri. Palantir, da aka kafa a 2003, ya tashi ne da tallafin jari daga In-Q-Tel, asusun zuba jari na hukumar CIA, kuma aikinsa shi ne tattara bayanai daga wurare barkatai ya jera su yadda mai bincike zai ga alaƙarsu.

Ban ga laifin ɗaukar irin waɗannan mutane ba. Fasaha tana gudu fiye da yadda kowace runduna ke iya horar da mutanenta. Ƙwararren injiniyan manhaja yana samun abin da albashin soja ba zai biya ba. Hafsa kuma ana yi masa canjin wurin aiki bayan 'yan shekaru, ya tafi da abin da ya koya. Hayar gwani halal ce. Magana tana kan sharuɗɗan hayar, da abin da ya rage a hannunmu ranar da gwanin ya hau jirgi ya koma gida.

Kaduna, 1964

Babu garin da ya fi Kaduna cancantar ba da wannan labari, domin a shekara ɗaya, 1964, aka kafa abubuwa uku da hannun baƙi, kuma kowanne ya bi tasa hanyar.

NDA ta buɗe a Fabrairun shekarar, a harabar nan da ke maƙwabtaka da Abakwa, wadda ke ɗauke da sunan Muhammadu Ribadu, Ministan Tsaro na Jamhuriya ta Farko. Kwamandanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya M. R. Varma, da tawagar malamai daga ƙasarsu. A 1969 ɗan Nijeriya, David Ejoor, ya karɓi shugabancin. Abin da Indiyawa suka kawo ilimi ne da tsari, kuma an zuba shi cikin kawunan mutane, shi ya sa ya zauna. Yau makarantar tana horar da hafsoshin wasu ƙasashen Afirka ma.

Rundunar sojan sama Jamusawan Yamma ne suka taimaka aka kafa ta, har shugabanta na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne. Sun tattara sun tafi a 1966 da rikicin ƙasa ya kunno kai, amma sun bar matuƙa da makanikai da suka ci gaba da aikin.

Na uku shi ne ya fi kusa da batunmu, domin kamfani ne ya yi shi, ba rundunar wata ƙasa ba. Dokar majalisa ta kafa hukumar ƙera makamai, DICON, aka kuma ba kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma aikin tsara masana'antar Kakuri da gina ta. An ƙera bindigogi samfurin Beretta na Italiya da harsasai, kuma lokacin Yaƙin Basasa, daga 1967 zuwa 1970, injuna sun yi aiki ba dare ba rana. Da yaƙi ya ƙare, ciniki ya faɗi. Masana'antar da aka gina don bindiga ta koma har da yin kujeru da kayan samar da ruwa a karkara domin ta riƙe ma'aikatanta. An sayi injin da ke buga abin da wani ya zana, ba a gina ɗakin masu zanen ba.

Shekara biyar bayan DICON, a 1969, Barazil ta kafa kamfanin ƙera jiragen sama na Embraer. Amma kafin nan ta shafe kusan shekara ashirin tana yaye injiniyoyin jirgin sama a wata cibiyar koyarwa ta sojan samanta da aka buɗe a 1950, ita ma da taimakon malamai baƙi. Jiragen Super Tucano 12 da Nijeriya ta saya a kan kusan dala miliyan 500, waɗanda suka fara isowa a Yulin 2021, zanen Embraer ne, kamfanin Sierra Nevada na Amurka ya haɗa hannu aka harhaɗa su a Fulorida.

Wayar da ke kira daga daji

Mu koma kan tambayarmu. Duk wayar da ke kunne tana magana da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, kuma kamfanin waya yana ajiye bayanin wa ya kira wa, yaushe, ta wane ƙarfe. A Abakwa, inda ƙarafa ke kusa da juna, ana iya kwatanta ƙarfin siginar daga uku ko huɗu a gane layin da mai wayar yake. A dajin Birnin Gwari ƙarfe ɗaya ne zai rufe fili mai faɗin kilomitoci, sai dai a ce mutumin yana wani wuri cikin wannan yanki. Sau da yawa ma kan dutse yake hawa ya yi kiran, ya kashe wayar, ya hau babur ya koma sansani mai nisa. Kuma da wayar wanda ya sace yake kira, ko da layin da aka yi wa rajista da sunan wani. Haɗa layi da NIN, da aka fara tilastawa a Disambar 2020 zamanin minista Isa Ali Pantami, yana faɗin wanda ya yi rajista ne kawai, ba ya faɗin wanda ke riƙe da wayar a yau.

Akwai na'urorin da ke rage wannan tazara. Wata tana shigar burtu a matsayin ƙarfen sabis, wayoyin da ke kusa su kama ta, ta nuna inda suke. Wata tana bin wata tsohuwar ɓaraka a tsarin da kamfanonin waya na duniya ke musayar saƙo da shi. Kuma Nijeriya ta saya. A Afrilun 2013 jaridar Premium Times ta bankaɗo kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba kamfanin Elbit Systems na Isra'ila don sa ido kan sadarwar intanet. A Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamun suna amfani da kayan kamfanin Circles, ta kuma danganta ɗaya daga na'urorin da Hukumar Leƙen Asiri ta Tsaro.

To ina amfaninsu? Na'ura ɗigo take nunawa a taswira. Daga ɗigon zuwa kuɓutar da mutum akwai mai fassara bayanin, akwai hukumar da za ta yarda ta miƙa shi ga wata hukumar, akwai mota da mai da jirgi, akwai kwamandan da zai auna ko farmaki zai sa a kashe waɗanda ake tsare da su. Kamfani yana sayar da zoben farko na sarƙar, sauran ba na sayarwa ba ne. A ƙarshen Satumbar 2021, da abin ya ci tura, aka rufe sabis ɗungurungum a wasu sassan Jihar Kaduna har kusan wata biyu, kamar yadda aka yi a Zamfara. Mai shago da mai haƙuri da ɗalibi duk suka biya kuɗin abin da na'urori masu tsada suka kasa warewa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta kawo misalan yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kiran waya suka kamo 'yan jarida. Ƙa'idar da hukumar NCC ta fitar a 2019 ta ce a nemi izinin alƙali kafin tatsar sadarwar mutum, sai a yanayin gaggawa. Amma na'urar da ke wahalar kama ɗan bindiga a daji cikin sauƙi take samun mai sukar gwamnati a cikin gari, inda ƙarafa suka yi yawa kuma mutum da sunansa ya yi rajista.

Kyamarorin da suka makance

A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro, da kyamarori kusan 2,000 a Abuja da Legas. Mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin Exim na Sin. An kafa turaku, an ɗora faifan sola. Cikin 'yan shekaru kyamarorin suka daina gani, aka sace batura da faifai, turakun suka tsaya kamar itatuwan da suka bushe. Majalisar Wakilai ta yi bincike, ƙungiyar SERAP ta kai ƙara, har a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe bashin. Bashin kuwa yana wuyan ƙasa, da mai gani da makaho.

Ko da a ce ba a ci ko kwabo ba, aikin da ba a tanadi kuɗin riƙe shi ba, ba a fayyace hukumar da ke da shi ba, ba a horar da masu gyaransa ba, mutuwarsa a rubuce take tun ranar sa hannu.

Sirri iri biyu

Da ka tambayi nawa aka kashe, sai a ce maganar tsaro ce. Gaskiya ne akwai sirrin da dole a kiyaye: inda aka girke na'ura, iyakar abin da take iya ji, sunan infoman da ke kawo rahoto. Amma sunan kamfani, da masu shi, da farashi, da ko ya taɓa yin irin aikin, ɓoye waɗannan ba ya kare soja ko ɗaya a fagen daga. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ware kayan tsaro na musamman daga ƙa'idojinta, sai in shugaban ƙasa ya amince a bi su. Ta irin wannan ƙofa aka samu badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai da ta fashe a 2015. A 2018 Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin tsaron da ake warewa shugabanni ba tare da bin diddigi ba ya kai kusan dala miliyan 670 a shekara.

Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ya nuna wata fuskar. Bayan harin, ministan sufuri Rotimi Amaechi ya ce ya nemi a amince da sayen na'urorin sa ido na kimanin naira biliyan 3 don layin dogon, ba a amince ba. Daga baya jaridu suka buga bayanan zaman majalisar zartarwa da ke nuna cewa ministoci sun yi shakkar ƙwarewar kamfanin da aka kawo. Duka ɓangarorin suna da hujja a bakinsu: layin yana buƙatar kariya, kamfanin kuma yana buƙatar tantancewa. Abin da aka rasa shi ne ƙwararru na gwamnati, masu cin albashinta, da za su rubuta ainihin abin da ake buƙata, su kira kamfanoni su yi takara, a gama cikin makonni. Fasinjojin ƙarshe cikin waɗanda aka sace a harin sai a Oktoba suka fito daga daji.

Makulli a hannun wa?

A ce ka ɗauki magini ya gina maka gida, ya sa ƙofofi masu kyau, amma makullan suna aljihunsa, zanen wayar wuta da na famfo suna kansa, kuma duk shekara sai ka biya kafin ya bar ka ka shiga ɗakinka. Haka tsarin tsaro yake idan lasisin manhaja, da kalmar sirri ta babban mai kula, da kayan gyara duk suna wajen kamfanin waje. Ranar da aka yi saɓani kan biya, ko gwamnatin ƙasarsu ta sauya ra'ayi, sai ƙofa ta rufe. Mun ɗanɗana: a 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, domin ƙirar Amurka ce kuma sai da izininta.

Mai makulli kuma yana iya leƙa ɗaki. A Fabrairun 2020 aka tabbatar cewa Crypto AG, kamfanin Suwizalan da ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙo, mallakar CIA ne da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma a asirce, kuma shekara da shekaru suna karanta saƙonnin masu sayen. Ita kanta Amurka ba ta tsira ba: Edward Snowden, wanda ya kwashe takardun hukumar NSA a 2013, ma'aikacin Booz Allen ne da aka tura aiki Hawai.

Tudun Biri

Daren 3 ga Disamba 2023, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi suna taron Mauludi, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa musu bom. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, Amnesty International ta ce adadin ya haura 120. Rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne, kuma babban hafsanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ya ba da haƙuri.

Na kawo wannan ne domin nan ne iyakar abin da na'ura da ɗan kwangila za su iya. Kyamara daga sama taron mutane take gani da dare. Sanin cewa a ƙauyukan Kaduna ana ci gaba da tarukan Mauludi makonni bayan watan Rabi'ul Awwal, da yara da mata a zaune har tsakar dare, wannan sani ne na ɗan ƙasa, kuma kiran waya ɗaya zuwa ga mai unguwa ko dagaci yana tabbatar da shi. Yanzu da kamfanoni ke tallar manhajar ƙirƙirarriyar basira mai tantance hoto da kanta, haɗarin ya ƙaru, domin manhajar abin da aka koya mata take ganewa, kuma ba da hotunan ƙauyukanmu aka koyar da ita ba. A Amurka ma, dubban ma'aikatan Google sun yi bore a 2018 har kamfanin ya janye daga shirin Maven na ma'aikatar tsaro, wanda aikinsa ke nan. Hukuncin a harba ko kar a harba dole ya zauna a hannun hafsan da ya yi rantsuwa, wanda za a iya gurfanarwa a kotun soja, wanda iyayen mamata za su iya sanin muƙaminsa.

Abin da ake yi a Mando

Ba duka labarin ne baƙi ba. A sansanin sojan sama na Kaduna, cibiyar fasaha ta AFIT ta tura hafsoshi karatu Jami'ar Cranfield ta Ingila, suka dawo suka fara ƙera ƙananan jirage marasa matuƙi masu suna Amebo. A Disambar 2013 aka ƙaddamar da Gulma. Ranar 15 ga Fabrairu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda injiniyoyin rundunar suka yi tare da kamfanin UAVision na Fotugal. A Disambar 2019, a Kadunan dai, aka nuna motar sulke ta Ezugwu da DICON ta ƙera tare da injiniyoyin sojan ƙasa. Sabuwar dokar DICON ta 2023 kuma ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu.

Ƙaddamar da samfuri ɗaya daban, ƙera ɗari da riƙe su a fagen fama daban, kuma har yanzu manyan jirage marasa matuƙi da ake yaƙi da su daga Sin da Turkiyya ake sayo su. Amma tsarin Tsaigumi shi ne wanda nake so a yawaita: baƙo ya zo, ɗan gida yana gefensa riƙe da sukurdireba, a kuma rubuta a kwangila cewa zane da ilimi za su zauna a nan. Yaran da ke gyaran waya da kwamfuta a shagunan Abakwa da Kasuwar Sheikh Gumi, da masu fitowa daga Kadpoly da KASU da ABU Zariya, daga cikinsu za a samu masu riƙe waɗannan na'urori, in an buɗe musu hanya ta gaskiya ba ta wa-ka-sani ba.

Duk waɗannan na'urori kuwa abinci ɗaya suke ci, wato bayanan jama'a: hoton yatsa da aka ɗauka wajen NIN, lambar BVN ta banki, rajistar layin waya, katin zaɓe. A babi na gaba za mu bi waɗannan bayanai mu ga inda ake ajiye su, su wa ke da izinin buɗe su, da abin da dokar kare bayanai ta 2023 ta ba talaka damar nema idan aka yi wasa da nasa.